Yadda Murhu Ya Koyi Kai Ƙarar Kansa

A wata ranar Alhamis ta tsakiyar bazara, ana saura kwana biyu a ɗaura auren 'yar maƙwabtanta, yayata ta aiko yaro ya kira ni gidanta a cikin birnin Kano, na iske ta tsaye a madafa hannu a ƙugu, ga kwaɓin kek ta riga ta zuzzuba a gwangwanaye, ga kuma babban murhunta na zamani, wanda maigidanta ya sayo mata cikin kayan kwantena, ya ƙi kama wuta a cikin nan nasa na gashi da mata ke kira obin, sai wani siririn kuka yake yi ba ƙaƙƙautawa, a ɗan gilashin da ya saba nuna lokaci kuwa ba a ganin komai sai harafin F da lamba a gefensa suna ƙyaftawa. Ta dube ni ta ce, "Kai da ba ka rabo da littafi, gaya mini abin da wannan abu yake cewa." Ban iya ba ta amsa a ranar ba, amma kalmar nan tata ta "cewa" ta zauna mini a rai, domin tun ranar da ɗan Adam ya fara jera duwatsu uku ya hura wuta a tsakaninsu, har zuwa zamanin kakanninmu na kusa, ba a taɓa jin murhun da ya ce wani abu ba, mai girki ce take duban wuta ta faɗi halinta, kuma idan tuwo ya ƙone ita ake tuhuma. Yadda aka yi har murhu ya sami harshen kai ƙara, da gwargwadon yardar da ta cancanci wannan harshe, labari ne na shekara ɗari biyu da 'yan kai, kuma galibinsa a ƙasashen Turai da Amurka ya gudana.

Kafin mu haye can, ya kamata mu ɗan tsaya a wurin masu gurasa, domin a hannunsu ake ganin asalin ilmin da injuna suka zo suka gada. Tanderu, wato babbar tukunyar ƙasa da ake hura kara a cikinta har bangonta ya sha zafi sannan a manna ƙullu a jikinsa, sunanta ya zo mana ne daga kalmar Larabci ta tannur, wadda duk almajirin da karatunsa ya kai Suratul Muminuna ko Suratu Hudu ya gamu da ita a ƙissar Annabi Nuhu, alaihissalam, kuma malaman harsuna sun bi sawunta har zuwa harshen mutanen Babila na dā. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurasa da asuba a unguwar Jakara ya san ba ta da ma'auni ko ɗaya face jikinta: takan leƙa ta ga ko baƙin hayaƙin da ya shafe bango ya washe, ta zura hannu ta zare kafin ƙiftawa da bismilla, wani lokaci ta yayyafa ruwa ta saurari irin tsuwwar da zai yi, sannan ta yanke hukunci ko a manna ko a jira, kuma da wuya hukuncinta ya kuskure. Wannan ilmi ne na haƙiƙa mai ƙa'idoji, sai dai ba a rubuce yake ba, ba a kuma iya aika shi a wasiƙa. 'Ya takan karɓe shi daga uwa ta hanyar tsayuwa a gefenta shekara da shekaru, da tabon ƙuna a gaɓar hannu a matsayin ijaza.

Matan Turai ma haka suke har cikin ƙarni na 19. Littattafan girkinsu na wancan zamani galibi ba su san digiri ba, iyakarsu su ce wuta mai sanyi, ko matsakaiciya, ko mai zafi, kuma dabarar da suke koya wa amarya ita ce ta sa hannu a wurin gashi ta yi ta ƙirge har ta kasa jurewa, ko ta jefa farar takarda, ko ta barbaɗa garin alkama ta ga minti nawa zai yi kafin ya yi ja.

Abin da ya fara shiga tsakanin mai girki da wutarta shi ne tsadar makamashi. Akwai wani mutum mai suna Benjamin Thompson, wanda aka haifa a Massachusetts a 1753, ya goyi bayan Sarkin Ingila a yaƙin neman 'yancin Amurka, saboda haka ƙasar haihuwarsa ta gagare shi zama, ya tsallaka Ingila, daga nan ya kama aiki a fadar mai mulkin Bavariya a ƙasar Jamus, inda aka naɗa shi sarautar da ta sa duniya ta san shi da sunan Count Rumford. A 1790 ya tattara mabaratan birnin Munik a gidan sana'a, ya wayi gari da nauyin ciyar da bakuna masu yawa da itace kaɗan, da ya zauna ya auna kuwa sai ya ga buɗaɗɗen murhu yana aika mafi yawan zafinsa sama tare da hayaƙi, tukunya ba ta samun sai sadaka. Sai ya gina murhu na bulo mai ramuka da yawa, kowace tukunya ta nutse a raminta, kowane rami da 'yar wutarsa a rufe da ƙofar da ake ƙara mata iska ko a rage. Maƙeran Ingila suka bi wannan hanya da baƙin ƙarfe, har a 1802 George Bodley na garin Exeter ya yi rajistar murhunsa mai rufaffen sama. Ribar da aka ci a itace da kwal babba ce, ba mai musu. Amma an biya ta da wani abu da ba a sa shi a lissafi ba, wato an kulle wuta a inda ido ba ya ganinta. Daga ranar da aka yi haka kuwa ya zama wajibi a sami ɗan aike tsakanin wuta da mai girki, wanda zai shiga inda ba ta shiga ya dawo mata da labari, kuma duk abin da ya biyo baya tarihin wannan ɗan aike ne.

Gas da lantarki sun zo a jere. James Sharp na garin Northampton ya yi rajistar murhun gas a 1826. Thomas Ahearn ya dafa wa baƙi liyafa da lantarki a birnin Otawa na Kanada a 1892, shekara ta kewayo aka baje madafar lantarki a kasuwar baje koli ta duniya a Shikago. A 1906 kuma Albert Marsh ya sami rajistar wayar nan ta haɗin nikel da kuromiyam, wadda take yin ja wur ba ta narke ba, ba ta kuma cinye kanta ba. Muhimmancin waɗannan wutace biyu ga labarinmu abu ɗaya ne: ana ƙara su a rage su da murɗa famfo ko danna maɓalli, abin da hannu ke murɗawa kuwa na'ura ma za ta iya murɗa shi.

Haka kuwa aka yi. Wajajen 1915 kamfanin American Stove Company ya fara sayar da murhun gas mai wani jan faifai a gefe da ya sa wa suna Lorain, a 1923 kuma kamfanin Radiation na Ingila ya fito da nasa mai suna Regulo. Hikimarsu mai sauƙi ce, ta ginu ne a kan ɗabi'ar da Allah Ya halicci ƙarfe da ita ta miƙewa idan ya ji zafi da tsukewa idan ya huce: a sa sandar ƙarfe a cikin obin, idan zafi ya kai inda aka nufa ta miƙe ta matse hanyar gas, idan ya sauka ta janye ta buɗe. A kan faifan Regulo an rubuta lambobi maimakon digiri, kuma har yau littattafan girki na Ingila suna cewa a sa gas a lamba 4, wato kimanin digiri 180 a ma'aunin Salshiyas. A ganina wannan ita ce rana mafi girma a tarihin murhu, ta fi ranar da aka sa masa kwamfuta, domin ita ce ranar da ilmin da ke tafin hannu ya koma adadi, aka iya buga shi a jarida, yarinyar da ba ta taɓa tsayawa gefen uwarta ba ta karanta ta gasa burodi ya yi kyau. Ba zan wuce wannan zamani ba sai na ambaci Gustaf Dalén, masanin ƙasar Suwidin da fashewar gas ta makantar a 1912, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel; zaman gida da larura ta jawo masa shi ya sa ya gane wahalar da matarsa ke sha wajen gadin wuta, har ya ƙera murhun AGA a 1922, mai tara zafi a cikin ƙarfe ba ya bukatar a tsaya a kansa. Mutumin da aka hana shi ganin wuta shi ya fi kowa sanin abin da ake bukata idan ba a ganinta.

Sai dai wannan ɗan aike bebe ne. Idan sandarsa ta gaji, ko ruwan da ke cikin siririn bututun da aka maye gurbinta da shi daga baya ya tsiyaye, ba ya faɗa wa kowa, sai dai uwargida ta ga kek yana ƙonewa a ƙasa, ko kaza ta yi awa biyu ba ta nuna ba. Mai gyara na wancan zamani da nasa ma'aunin zafi yake zuwa, ya rataye a ciki, ya zauna ya jira, ya gwada abin da faifai ya yi alkawari da abin da obin ya cika.

Asalin harshen da murhu ya samu daga baya ya girmi murhun gas kansa. A 1821 Humphry Davy ya lura cewa ƙarfe idan ya yi zafi yakan ƙara tauri wajen barin lantarki ya ratsa shi. A 1871 William Siemens ya kawo shawara a gaban majalisar masana ta Landan cewa a auna zafi da wannan tirjiya, a kuma yi amfani da ƙarfen filatinam saboda ba ya tsatsa ba ya sauya hali. Hugh Callendar kuma ya zo a Jami'ar Kambirij ya daidaita lissafin a wajajen 1887, har ma'aunin ya zama abin dogaro. Ɗan tsinken ƙarfen nan da za ka gani ya leƙo daga bangon baya na cikin obin, tsawonsa bai wuce taƙi ba, wanda masu gyara ke kira sansa, jikan wannan ma'auni ne. A galibin murahun Amurka tirjiyarsa om 1000 ce a sanyin da ruwa ke daskarewa, tana ƙaruwa da kusan om 4 a kowane digiri, saboda haka a ɗaki mai sanyi-sanyi za a same ta tsakanin 1080 da 1100, a zafin gasa kek kuwa kimanin 1650. Murhu bai san zafi ba, bai san ƙauri ba, bai taɓa ganin wuta ba. Wannan adadi shi ne iyakar abin da ya sani game da cikinsa, kuma wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe rabin sana'ar gyaransa.

Abin da ya sa aka matsu a sa wa murhu mai gadi shi ne wata bidi'a da kamfanin General Electric ya kawo a 1963, wato obin mai wanke kansa. Ba da ruwa yake wanka ba. Zafi ake kai shi kusan digiri 480, har maiƙo da duk dattin da ya manne su zama toka a share da tsumma. A irin wannan zafi idan aka buɗe ƙofa iska ta afka ciki, hayaƙin maiƙo na iya kamawa da wuta a fuskar mai buɗewa, don haka dole ƙofa ta kulle kanta, ta ƙi buɗuwa sai zafi ya sauko. Ka ga ke nan an sami murhu mai sharuɗɗa, wanda ba ya halatta wa kansa wani aiki sai wani ya tabbata, mai sharaɗi kuwa yana bukatar mai lura da cikar sharaɗi. Da 'yan mitsi-mitsin ƙwaƙwalen lantarki suka bayyana, Intel 4004 a 1971 da TMS1000 na kamfanin Texas Instruments a 1974, sai madafa ta zama cikin wuraren farko da suka shiga: a 1975 kamfanin Amana ya sa irinsu a na'urarsa ta ɗumama abinci, kuma daga shekarun 1980 zuwa na 1990 suka mamaye manyan murahu, faifai ya ba da wuri ga allon taɓawa da fanel mai ɗauke da ƙwaƙwalwar a bayansa. Wannan ƙwaƙwalwa ba ta gajiya da tambaya: adadin sansa yana cikin haddi? ƙofa ta kulle da aka ce ta kulle? akwai maɓallin da aka danne fiye da ƙima? Duk sa'ad da amsa ta saɓa wa abin da aka rubuta mata, sai ta yanke wuta ta yi kuka.

Mai karatu zai iya tambaya, tun da har ta iya gane matsala, me ya hana ta faɗa da cikakkiyar jimla? Sababin ƙanƙane ne ƙwarai. Bakin da ta tarar a jikin murhu gilashin agogo ne kawai, mai gurbi huɗu, kowane gurbi da 'yan sanduna bakwai na haske da aka tsara don rubuta alƙaluma. Da sanduna bakwai kuwa haruffa kaɗan ne ke fitowa sarai, cikinsu har da F da E da P. Aka yi dace F da E su ne farkon kalmomin da Ingilishi ke kiran aibi da kuskure da su, sai aka ɗauke su aka liƙa musu lambobi. Yau akwai murahu masu gilashi kamar na waya, da za su iya rubuta shafi guda, amma al'adar ta riga ta kafu, ramzi ya zauna.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne, masu ƙera murhu ba su taɓa yin ijma'i a kan ma'anar waɗannan ramuzza ba. Yankewar hanyar sansa, a yawancin murahun General Electric F3 ce, a na Frigidaire F30, a na Whirlpool F3 E0. Zafin da ya ƙetare haddi, General Electric ya ce F2, Frigidaire ya ce F10. Maɓallin da ya maƙale, can F7, nan F11. Makullin ƙofa, F9 a wani gida, F90 a wani. Har a cikin kamfani ɗaya ma lamba takan sauya ma'ana daga wannan samfuri zuwa wancan, ta yadda wanda ya haddace na ɗaya ya yi ƙiyasi a kan ɗaya zai iya ɓata da hujjarsa a hannu. Ba wai abin ya gagara ba ne, domin masu mota sun yi shi: tun daga 1996 hukumar Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota baki iri ɗaya mai haƙora 16 da lambobin asali masu ma'ana ɗaya, shi ya sa yau makanike a Kano zai sa wa mota kwamfuta, ko ta Japan ce ko ta Jamus, ya ga P0300 ya san injin ne ke tsallake wuta. Hayaƙin mota ya dami hukuma, ta tilasta. Kek ɗin uwargida bai dami kowa ba, aka bar kowane kamfani da mazhabarsa.

Ko da an san ma'anar ramzi, da sauran aiki, kuma a nan ne ake gane gwani. Ibn Sina a littafinsa na Alƙanun ya rarrabe abubuwa uku da jahili ke cuɗawa, wato sababi, da cuta, da alamar da ke bin cuta. Zazzaɓi alama ce, ba shi ne ciwon ba. Lambar da murhu ke nunawa ba ta ma kai alama ƙarfi ba, da'awa ce kawai ta wani mai ƙara da ke zaune a ɗaki ba taga, yana jin labarin duniya ta wayoyi biyu. Idan ya ce sansa ta yanke, abin da ya sani shi ne adadi ya daina zuwa masa. Ko sansar ce ta mutu, ko waya ce ta tsinke a hanya, ko mahaɗi ne ya saki, ko kuwa kunnen shi mai ƙarar ne ya toshe, duk kuka ɗaya zai yi. Idan ya ce zafi ya wuce haddi, mai yiwuwa gaskiya ne, ɗan makunnin da ke kan fanel ya narke ya manne ya bar wuta a kunne, wanda hatsari ne babba da ke wajabta a yanke wuta daga tushe nan take. Mai yiwuwa kuma tsatsa ce a mahaɗi ta ƙara wa adadi om ɗari biyu ko uku, obin bai kai haddin ba ana yi masa ƙazafin zafi. Idan ya ce an danne maɓalli, sau da yawa tururi ne da maiƙo suka shiga tsakanin fatun allo, kuma gwajin da masu sana'a suka gada shi ne a kashe wuta, a zare igiyar allon daga fanel, a mayar da wuta: in kuka ya tsaya laifin allo ne, in ya ci gaba na fanel ne. Aikin mai gyara aikin alƙali ne, ya saurari da'awa da kyau, sannan ya nemi bayyina kafin ya ɗaure kowa.

Kek ɗin yayata bai jira shari'a ba. A daren nan ta zuba yashi a gindin babbar tukunya, ta ɗora a kan gawayi, ta jera gwangwanaye a ciki ta rufe, tana ɗaga murfi tana kara bayan hannunta, har ta gama kafin asuba. Bayan biki aka kira mai gyara, wani saurayi, ya dubi gilashi daga tsaye ya ce, "Hajiya, fanel ne ya tafi, sai an yi oda daga Legas," ya faɗi kuɗin da ya kusa rabin abin da aka sayi murhun. Ba na zarginsa da ha'inci. Abin da aka koya masa ke nan, cewa lamba hukunci ce. Maigidan ya ce a dakata, aka nemo wani dattijo wanda ya fara sana'a da gyaran rediyo, ya zo da yaronsa ɗauke da jaka.

Bai taɓa murhun ba sai da ya zauna ya yi tambaya. "Hajiya, yaushe rabonki da kunna obin ɗin kafin ranar?" Ta ce tun ƙaramar salla. Ya gyaɗa kai, ya sa yaro ya rufe tukunyar gas, ya zare taransifomar da ke sauke wa murhun wuta daga bolt 230 namu zuwa 120 na ƙasar da aka ƙera shi, suka jawo shi daga bango, ya kwance marfin baya yana jera kusoshi a murfin kwano. A ciki, manne da ƙarfe, ga wata takarda a naɗe cikin leda, ta yi rawaya don tsufa.

Wannan takarda tana da nata tarihi. Al'adar kamfanonin Amurka ce su ɓoye ta a bayan fanel ko a ƙarƙashin aljihun murhu, ɗauke da taswirar wayoyi da fassarar lambobi, an rubuta ta don ma'aikaci, alhali littafin da ake ba mai saye sau da yawa ba ya cewa komai sai a kashe wuta a kira wakilin kamfani. Matani a gilashi kowa na gani, sharhi a bayan kusoshi. Daga baya mutanen Amurka da Turai sun tashi neman haƙƙin gyara abin da suka saya da kuɗinsu, har Tarayyar Turai ta wajabta tun watan Maris na 2021 a tanadi kayan gyara da bayanai na injin wanki da firiji da talabijin na tsawon shekaru, jihar Minnesota kuma ta kafa doka a 2023 da ta haɗa har da kayan madafa. Mu da kayan ke iso mana bayan sun tsufa a gidan wani, ba wakili ba garanti, mun fi su bukatar wannan haƙƙi, kuma sau da yawa takardar takan ɓace tun a hanya.

Dattijon ya sa tabarau ya bi jadawali da yatsa har ya tsaya a kan lambar, ya ce hanyar sansa ce. Ya zare mahaɗin da ke kan fanel ya ɗora bakin mita, mita ta nuna ba hanya sam. Ya bi ya zare mahaɗin da ke gindin sansar kanta ya sake aunawa, sai ga 1140. Yaron ya leƙa takarda ya ce, "Baba, nan 1090 suka rubuta, ta lalace ke nan." Ya ce, "Ɗakinsu suka auna, ba namu ba. Dubi zufar da ke wuyanka, ka ƙara mata om huɗu a kowane digiri, ka gaya mini nawa ya kama." Yaro ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya yi murmushi. Sansa lafiyarta lau, fanel kuma gaskiya ya faɗa. Saura hanyar da ke tsakaninsu. Ya bi wayoyin biyu da yatsa a hankali har inda suka nutse cikin farar audugar da ke tsare zafi, ya ɗaga ta, sai ga ɓawon gyaɗa da guntayen tsumma da kashin ɓera, ga waya ɗaya an gutsure ta biyu. Watannin da obin ya yi ba wuta, shi kuma wani ya yi su yana gina gida.

Bai yarda ya murɗe bakin wayar ya naɗe da salatif ba, ko da yake yaron ya riga ya miƙo. Ya ce a wannan wuri zafi zai narkar da shi, kuma haɗin da bai kama ba zai ƙara tirjiya, kowane om huɗu ƙaryar digiri ɗaya ce da za a riƙa yi wa Hajiya har ta rasa dalilin da kek ɗinta ba ya nuna. Ya ciro sabuwar waya mai jure zafi da ɗan mahaɗin tangaran daga jakarsa, ya ɗaure tam, ya sake aunawa daga kan fanel, 1140 ta fito daidai da ta gindi. Ya yanko ragar ƙarfe ya toshe ramin da ɓeran ya shigo.

Kafin a mayar da marfi ya fito da wani littafi mai baƙin bango da ya sha hannu, wanda kowane shafi nasa ke ɗauke da sunan kamfani a sama da lambobi a jere a ƙasa, fassararsu rabi da boko rabi da ajami, wasu an soke an gyara a gefe da jan biro. Ya sa yaron ya kwafe jadawalin takardar kaf a sabon shafi, yana karanta masa yana maimaitawa. Da suka gama yaron ya naɗe takardar zai sa a jaka, dattijon ya ce, "A'a, mayar da ita inda ka same ta. Ta murhun ce." Aka ɗaure kusoshi, aka tura murhu jikin bango, aka buɗe gas aka shafa kumfar sabulu a mahaɗin tiyo aka ga ba ta huro ba, sannan aka mayar da wuta. Harafin F bai dawo ba, sai gurabun agogo huɗu suna ƙyaftawa suna jiran a faɗa musu lokaci, yayata ta sunkuya ta saita shi a ƙarfe huɗu saura kwata, ana kiran la'asar a masallacin bakin layi.